Murafan Kwalba a Aljihun Baba Malam

Shekarar da na zo ƙarshen karatun digirina na riga na haura arba'in, kuma na gaji. Karatun irin namu ne na malaman firamare, wanda ake yi a dogon hutu. Yara su nufi gona, mu kuma mu naɗe katifa mu ɗauki risho mu nufi jami'a. Damina bayan damina ina kwana a gadon sama, ɗaki ɗaya da 'yan matan da na goyi sa'o'insu, suna ce mini Anti, suna aron man shafawata ba sa mayarwa. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne aikin bincike. In na miƙa shi da fara dogon hutu, in fita tare da 'yan ajinmu. In na kuskure, sai wata shekarar, in sake rajista in sake komawa.

A Gwandu aka haife ni, aure ya kai ni Kalgo, aiki kuma ya kai ni wata firamare a wani ƙauye kusa da Dangoma, inda nake zuwa kullum a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu. Yaran aji uku sun yi yawa a shekarar, sai aka raba su ɗaki biyu, bango ɗaya tsakani. Ɗaya nawa ne, ɗaya na wani dattijo da kowa ke kira Baba Malam. Irin malaman nan ne da suka koyar da uba suka koyar da ɗa. Gemu ya yi fari, ritaya ta kusa, amma ba a taɓa riga shi zuwa makaranta ba. Sa'an mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗiyata.

Yadda muka tarar ana koyar da karatu, haka muke yi, ni da shi. Malami ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda ya faɗa, aji ya amsa da murya ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. Mai wucewa fadama in ya ji sai ya ce lalle makarantar nan ana aiki. Amma ka ja yaro ɗaya gefe, ka rubuta masa kalmar da ya gama rerawa yanzun nan a wata takarda daban, sai ya kalle ka, ya kalli takardar, ya sake kallonka. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa na ɗauke shi ya zama bincikena.

Malamar da ke duba aikina a jami'a, wadda muke kira Dokta, mace ce mara yawan magana, ba ta da mugunta, ba ta kuma da lanƙwasa. Ita ta tsara mini yadda za a yi. A farkon zango a gwada kowane yaro shi kaɗai a ga iyakar abin da ya iya. Rukuni ɗaya a koya masa ta sabuwar hanya, wato sautin harufa ɗaya-ɗaya, yaro ya haɗa da hannunsa ya karanta wa ɗan'uwansa. Ɗaya rukunin a bar shi da tsohuwar hanya. A ƙarshen zango a sake gwadawa a kwatanta. Ta ba ni shawarar in ɗauki makarantu biyu masu nisa, ɗaya a wajen Dangoma, ɗaya ko da a Maruda ce. Na auna nisan, na auna ƙashin bayana da babur, na ce ai ga ɗaki biyu a makarantarmu, Allah ya hutar da ni.

Ta ce, "Shi ke nan. Amma ki sani, in sabuwar hanyar ta tsallaka ɗaya ɗakin, ba ki da abin kwatantawa. In ba abin kwatantawa, ba bincike, ni kuma ba zan sa hannu ba."

Na ce ba za ta tsallaka ba. Da ƙarfina na faɗa.

Kayan aikina murafan kwalbar lemo ne. Duk ƙarshen makon da na je Gwandu gaida Inna, mahaifiyata, sai in bi masu shaguna da masu shayi ina roƙon su tara mini. In dawo da su a leda, in wanke, in shanya a tabarma, in zauna da farin fenti da tsinken tsintsiya ina rubuta harafi a cikin kowane ɗaya. Inna na gefe tana gyaran zogale, ba ta raga mini ko kaɗan.

"Wagga ita ta jami'ar? Ki bar miji ki tahi karatu, ki komo kina tsintar murahu bakin shago? Ni da na san haka na, ai da ni ma na shiga."

Tana faɗa tana miƙo mini waɗanda ta tsinto da kanta a hanyar gidan suna, ƙulle a bakin zanenta.

Da aka koma makaranta na sami Baba Malam a gindin darbejiyar da malamai ke zama, na durƙusa na gaishe shi, na warware masa komai. Na ce abin da nake roƙo wurinsa ba wuya: ya ci gaba da koyarwa yadda ya saba, kada ya sauya komai har zango ya ƙare. Ya saurare ni yana murza gemu.

Ya ce, "To su nau ɗiyan, mi za su samu?"

Na ce, "In an ƙare gwaji, Baba, su ma sai a koya musu."

Ya ce, "To, ɗiyata. Allah shi kai mu."

Na tashi da murnata, na ɗauka an gama magana. Ni da aka haifa a cikin mutanen nan, na manta cewa dattijo irinsa ba ya ce wa 'yar mutane a'a a kan idonta in ta durƙusa masa da buƙata.

Gwajin farko ya nuna abin da muka sani. Ɗakina da ɗakinsa duk jirgi ɗaya ya kwaso su, in ka cire 'yan tsiraru sauran ba mai iya haɗa harafi biyu. Daga nan na shiga aiki, kuma a duk shekarun koyarwata ban taɓa jin daɗin zango kamar wannan ba. Muka ture bencina jikin bango muka shimfiɗa tabarmi. Yara su zauna bibbiyu, murafai a tsakaninsu, wannan ya jera, wancan ya karanta, su yi gardama, su sake. Ɗakin ya daina amo, sai wani ƙus-ƙus kamar na mata a gidan biki kafin a kawo abinci. Ranar da wani ɗan masunta ya jera murfi huɗu ya ga sun ba shi kifi, ya ɗago ya dube ni a tsorace, kamar ya taɓa abin da ba nasa ba. Daga ranar ba sunan kifin da bai nemi ya rubuta ba, har da waɗanda ni ban taɓa ji ba. Ina komawa Kalgo da fenti a yatsu da ƙura a gira, ina ba maigidana labarin yaran da bai sani ba har abincinsa ya huce.

Ƙofar ɗakina ta kwano ce, tsohuwa, in aka taɓa ta sai ta yi wani kuka da ake ji har ofishin hedimasta. Duk lokacin da na buɗe ta na fito, sai in ji ɗakin Baba Malam ya ɗauki amo, yana faɗa suna amsawa. In na leƙa, ga shi tsaye da sanda gaban allo. Sai in ji tausayin yaran, in kuma ji sanyi a raina, don amon nan shi ne shaidar cewa aikina na tafiya daidai. Na lura dai in yana tafiya aljihun rigarsa na ƙara, cas-cas, amma dattijo da makullai da carbi da sauran tarkace, ban kawo komai ba.

Iskar farkon damina ce ta tona asiri. Zango ya yi nisa sosai, aka yi wani hadari da ya ɓalle ƙofar tawa daga gini, aka kai wa kafinta. Washegari da hantsi na fito in ɗebo ruwa, ba ƙofa, ba kuka. Na yi taku biyu sai na tsaya. Ɗakin Baba Malam shiru yake, irin shirun ɗakina, mai ƙus-ƙus a ciki. Na ƙarasa bakin taga.

Bencina na jikin bango. Yara na ƙasa bibbiyu, kowane biyu da tulin murafai a gabansu. Shi ba shi da fenti, sai ya yanka takarda ƙanana ya rubuta harufan da biro ya cusa a cikin murafan. Ga shi nan durƙushe, da gwiwoyinsa masu ciwo, yana gyara wa wata yarinya jeri. Wani yaro ya ɗago ya gan ni. Kafin in ƙifta ido murafai sun ɓace, wasu ƙarƙashin cinya, wasu cikin hijabi, aji ya ɗauki rera jimlar da ke allo, wadda sai a lokacin na lura tun makonni ita ce a wurin ba a goge ba. Baba Malam ya miƙe da ƙyar, ya laluba sandarsa ya nuna allo, yana faɗa ba ya duban taga.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ɗakina ba tare da ruwan ba, na zauna. Da wani matashin malami ne ya yi mini haka, da ranar ƙauyen ya ji muryata. Na haɗiye har aka fita hutun tara na karin kumallo, na same shi a gindin darbejiya, shi kaɗai, don sauran malaman sun ga fuskata sun sami abin yi a wani wuri.

Shi ya fara magana. "Ɗiyata, ban so kig gani ba."

Na ce, "Tun yaushe, Baba?"

"Tun sati na biyu. Ɗiyan ga naki da nau, gida guda suka kwana, kwano guda suka ci. Wanga shi komo gida shina haɗa sunan uwa tai da murhi, wancan na zaune shina kallo. Uwayensu ni suka tarewa bakin masallaci, ba ke ba. Mi za ni ce musu? In ce ana bincike na, ɗanka shi jira?"

Na ce, "Ai da ka hwaɗa mani tun ranar."

"Kin zaka kin durƙusa, ƙaƙa za ni ce miki a'a? Sai nic ce in yi abina a ɓoye. In munka ji ƙohwarki mu koma ma tsohon karatu. Ke ba ki gani ba, aikinki bai ɓaci ba, ɗiya kuma sun samu."

Da gaske yake. A ganinsa idona ne binciken, in ya tsare idon ya tsare aikin, kuma wahalar da ya sha ta tsalle tsakanin ƙasa da allo duk don ni ya sha ta. Na rasa ta inda zan kama fushin. Na zauna na yi masa bayani a hankali, cewa gwajin ƙarshe ne zai yi magana, in yaransa suka karanta kamar nawa to ba bambancin da zan nuna, Dokta ba za ta sa hannu ba, shekarata ta tafi. Ina magana ina ganin fuskarsa na sauyawa. Ya cire hula ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Can ya ce, "To ga dabara. Ranar gwajin in ce musu su yi kurum. Dut abin da kin nuna musu, su ce ba su sani ba. Suna jin magana ta."

Na san suna ji. Yaran da suka iya ɓoye murafai zango guda ba wanda ya yi suɓul da baka ba za su kasa yin shiru na yini ɗaya ba. Na ce, "A'a, Baba, kak ka yi haka." Amma ni kaina na ji yadda ta fito, a'a ce mara ƙashi, irin wadda baƙo ke yi in an ce a ƙaro masa tuwo. Ya mayar da hularsa ya ce Allah shi kyauta, aka kaɗa ƙararrawa muka tashi.

Ƙarshen makon na tafi Gwandu. Ban kira Dokta ba, na ce sai na ga abin da gwajin zai nuna. Na ba Inna labarin ina jiran ta taya ni jin haushi, sai ta yi ta dariya har da share hawaye, tana maimaita wurin ɓoye murafai a hijabi. Da ta ga ban yi dariyar ba ta tsagaita, ta zuba mini fura a ƙwarya, ta ce in sha tukuna. Ba ta ba ni shawara ba, ni ma ban nema ba. Na yini a tsakar gidan da na girma, ana daka a maƙwabta, almajiran zauren unguwa na tilawa, ina ta juya abu ɗaya a kaina.

Ranar gwaji ta zo da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Aka fitar mini da tebur da kujera biyu gindin darbejiya. Na fara da yaran ɗakina, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna ya karanta kalmomi, in ya wuce su ya shiga ɗan gajeren labari na akuya da ta shiga gonar gero. Ba duka suka kai labarin ba, amma mafi yawansu sun taɓa, wasu har suna dariya a wurin da mai gona ya faɗi. Zuciyata fari ƙal.

Sai aka zo kan ɗakin Baba Malam. Wadda ya fara turowa ita ce yarinyar nan da na gan shi durƙushe yana gyara wa jeri, 'yar siririya, hijabinta ya yi mata yawa. Ta gaishe ni ta zauna. Na tura mata takardar na nuna kalmar farko.

Ta ce, "Ban sani ba, Malama."

Na nuna ta biyu.

"Ban sani ba."

Na ɗaga kai na hango Baba Malam a bakin ƙofar ɗakinsa, hannu a baya, yana kallon sama kamar mai duba hadari. Sai na gane. Ya ɗauki a'ar tawa kunya ce, irin wadda shi ma zai yi, ya kuma cika mini abin da yake ganin bakina ya kasa roƙo. Ba abin da ya rage mini sai in rubuta abin da kunnena ya ji. Ba ni na sa su ba, na ma hana. Kowane yaro zai zo ya ce bai sani ba, in sa alama, kafin azahar in sami bambancin da ko Dokta sai ta jinjina, in fita tare da 'yan ajinmu. Biro na hannuna, kuma ba zan ce ban so ba.

Na nuna kalma ta uku. Yarinyar ta ce ba ta sani ba, amma idonta bai bar takardar ba. Ɗan yatsanta ya fito daga cikin hijabi ya sauka ƙarƙashin kalmar, yana bi harafi-harafi, leɓɓanta na motsi ba sauti. Da ta kai ƙarshe ta yi saurin janye yatsan ta ɓoye, ta sunkuyar da kai. Watanni kaɗan da suka wuce ta zauna a kujerar nan ta ce mini ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Yau abu na farko da aka roƙe ta ta yi da karatunta shi ne ta ɓoye shi, saboda ni.

Na ajiye biron. Na ce, "Dube ni. Wa yac ce ki ce ba ki sani ba?"

Ta saci kallon ƙofar ɗakinsu.

Na ce, "Ba ruwanki, ba a dukan ki. Ni ad da takardar, ni kuma nic ce ki karanta. Hwara daga sama."

Ta fara da wata 'yar murya da sai na matso na ji. Kalma ta farko, ta biyu, ta uku. Ta yi tuntuɓe a ta biyar, ta koma ta haɗa ta da kanta, ta wuce. Da ta shiga labarin akuyar muryar ta buɗe, har ta manta da ni, ta ja takardar gabanta da hannu biyu. Ina sa alama a gefen kowace kalma, kowace alama na rage mini abin da zan kai wa Dokta, ni kuwa wani daɗi na cika mini ƙirji har na ji idona ya kawo ruwa. A wurin da mai gona ya faɗi ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da hijabi, ta ƙarasa.

Na sallame ta, na tashi na taka har ƙofar ɗakin. Yara sun yi tsit a ciki. Na ce wa Baba Malam ya shiga ya warware abin da ya ɗaura, kowa ya karanta iyakar abin da ya iya. Ya matso ya rage murya don kada su ji.

"Ɗiyata, shekara guda ta hwa."

Na ce, "Na sani, Baba. Turo mani na gaba."